Tarwaɗar Cikin Baƙar Leda

Shekara goma sha ɗaya Maman Biyu tana gyaran tarwaɗa a filin da ke bayan gidansu, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarta ra'ayinta a kan kifi. Ra'ayi na mijinta ne. Shi ne Injiniya. Ba wata makaranta da ta ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya haɗa bututu uku ruwa ya bi ta ciki bai zube ba, daga nan har masu kawo abincin kifi suka kama. Ita kayan aikinta wuƙa ne, da baho biyu, da wani katako da tsakiyarsa ta lotsa don sara. Mai saye zai nuna kifi a tafki, Injiniya ya kamfato shi da raga yana jawabi, ita ta buge masa kai, ta farke cikin, ta zare hanji, sannan ta sa babban yatsa ta kankare wani jan abu da ke manne a jikin ƙashin baya. Mutane cewa suke gudan jini ne. Ita ma haka ta ɗauka, sai da ƙanwarta Auta, wadda ke aiki a ɗakin gwaji na asibitin dabbobi, ta gaya mata ƙodar kifin ce.

To yatsan nan ne ya fara kawo ƙara. Da can abin a dunƙule yake fitowa, ja wur har yana neman baƙi, ka ja shi sau ɗaya ya biyo ka. Tun daga bara ya canza. Ya kumbura, ya koɗe, kana taɓa shi sai ya dagargaje kamar tumatirin da ya kwana uku a kwando. Kifin kuwa a waje ba laifi, ga ƙiba, ga santsi, ga gashin baki yana kaɗawa. Wasu dai sukan yi lamo a saman ruwa da safe, guda biyu ko uku su mutu, Injiniya ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Da kifin sayarwa ne kawai, da wataƙila ta ci gaba da kankarewa ta yi shiru, don ba yau ta fara haɗiye magana ba. Amma akwai Inna. Shekara biyu da suka wuce likita ya hana mahaifiyarta jan nama saboda hawan jini, ya ce ta koma kifi. Tun daga ranar, kullum da azahar Maman Biyu takan zaɓi tarwaɗa ɗaya daga tafki, ta dafa ba gishiri sosai, ta rufe a kwano ta kai mata, layi biyu tsakaninsu. Inna har gori take yi wa maƙwabta, wai ita surukinta kifi yake nomawa. Kwanan nan ƙafafun Inna sun fara kumburi, takalmin da take zuwa asibiti da shi ya ƙi shiga, kuma duk lokacin da Maman Biyu ta ga ƙafafun sai ta ji yatsanta yana mata ƙaiƙayi.

Ta kuma san ruwan da ake zuba wa kifin. Akwai rijiyar burtsatse a filin, amma tana buƙatar janareta, janareta kuma yana buƙatar mai, mai kuwa ba ya cikin abubuwan da Injiniya ya yarda da su. Sai Allah ya buɗe masa basira, ya lura cewa magudanar da ke bin bayan katanga ba ta ƙafewa rani da damina. Ya huda katangar ya zura bututu. A can saman magudanar akwai shagon abokinsa Mai Batir, wanda ke fasa tsofaffin batiran mota ya ciri dalma, ya tuntsurar da ruwan cikin a kwata. Wannan bai tayar wa Injiniya da hankali ba, domin ya ƙera matata. Wata tsohuwar durom ce ya cika da yashi da gawayi, ya ɗaure bakinta da gidan sauron da 'yan biyu suka bari da za su tafi makarantar kwana, ya rubuta sunansa a jiki da jan fenti. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gaishe ta.

Wata safiya, bayan mai saye ya tafi, ta miƙa masa yatsan.

"Injiniya, ka ga abin nan kuwa? Ƙodar kifinmu ba haka take ba da."

Ya sunkuyo ya duba daga nesa, hannuwa a baya. "Ƙoda kuma? Tun yaushe kifi ya samu ƙoda? Gobe sai ki ce min yana da ciwon baya."

"Auta ta ce da ita yake tace abin da ya sha."

"Auta." Ya gyaɗa kai a hankali. "Wadda ke duba kashin akuya a kwalba. To madalla, gidanmu ya cika da likitoci. Maman Biyu, ruwan nan sai ya ratsa yashi, ya ratsa gawayi, ya ratsa raga. Hawa uku. Wanda kike sha a famfo hawa nawa ya ratsa? Ki yi aikinki, ki bar wa masu ilimin ruwa ruwa."

Ta yi aikinta. Abin da ya ƙara ɗaure mata kai shi ne kifin leda. Wata takwas ke nan da wata sabuwar biyayya ta sauko wa Injiniya. Mahaifiyarsa Hajiya tana zaune tare da su a ɗakin da ke kusa da falo, sai ya ce daga yanzu kifin da Hajiya za ta ci, da wanda shi zai ci, da hannunsa zai riƙa zaɓowa. Kullum da sassafe, kafin Maman Biyu ta gama shara, zai fita ya dawo da tarwaɗa biyu a baƙar leda, an riga an buge musu kai, ya ajiye mata a ƙofar kicin yana cewa daga tafki na ɗaya ya tsamo su, wai kifin asuba ya fi zaƙi. Su kuma waɗannan ƙodarsu garau, ja wur, tana biyo yatsa sau ɗaya kamar da. Sai ta riƙa zargin kanta. Ta ce ko dai shekaru ne suka fara taɓa mata ido, ko kuwa ita ce ba ta iya zaɓe ba, kullum hannunta a kan mara lafiya yake sauka. Har kunya ta riƙa ji, ga namiji ya fi ta sanin kifin da zai ba uwarsa.

Ranar da Inna ta kasa sa takalmi ta fito tsakar gida da silifas ɗin jikanta, ranar Maman Biyu ta kira Auta. Auta ta aiko da ƙananan kwalabe shida da wani ruwa mai hawa ido a ciki, ta ce a yanko ƙodar da ɗan ƙashin bayanta a jefa nan take, kada a matse. Cikin kwana biyu ta cika su, uku daga kifin da ta kamo da kanta a tafki na ɗaya, uku daga kifin leda. Na ledar ta ɗaura musu jan zare a wuya don kada su cakuɗe. Tun daga ranar ta koma kai wa Inna ƙwai, ta ce kifin bai gama girma ba. Inna ta karɓa tana mita, wai an fara yi mata rowa.

Sai da aka yi mako guda. Auta ta ce ba a yi wa aikin gaggawa, sai naman ya daskare a cikin kakin kyandir, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi, a rina shi. Maman Biyu ta je da hantsi. Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya, firiji mai gurnani, da teburin siminti da aka jera gilasai a kai. Auta ta zaunar da ita a kan doguwar kujera gaban madubin da ke ƙara girman abu, ta nuna mata inda za ta kafa ido.

"Wannan mai jan zare ne, Yaya. Me kika gani?"

Da farko ba ta ga komai ba sai gashin idonta. Can sai abu ya washe, ruwan hoda da shuɗi-shuɗi, ƙananan zobba a jere, kowanne da ɗan fili a tsakiya.

"Zobba," ta ce.

"Bututu ne aka yanka a kwance. Ta nan yake tace jini ya fitar da datti. Kin ga bangonsu a tsaye, kowa a wurinsa? Lafiyayye ke nan." Auta ta zare gilashin ta sa wani. "Ga na tafkinku."

Nan ba sai an yi mata bayani ba. Zobban sun kumbura sun toshe, wasu bangon ya zube ciki, wasu ba abin da ya rage sai rami fari. Ga jini ya malala a inda bai kamata ba, ga wasu ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a barbaje ko'ina. Auta ta ce ɗigon nan wurin da jikin kifin ke tara abin da ya kasa fitarwa ne, kuma ba ta taɓa ganinsu da yawa haka ba. Ta sa na biyu, ta sa na uku, duk labarin ɗaya ne.

"Madubi ba zai gaya min sunan gubar ba," in ji Auta. "Sai an gwada ruwan da tsokar. Amma Yaya, waɗannan da waɗancan ba ruwa ɗaya suka sha ba."

"Tafki ɗaya fa. Na ɗaya. Shi da bakinsa ya faɗa."

"To ukun nan masu jan zare a wani gidan suke kwana." Auta ta fara mayar da gilasan cikin akwatinsu, sai hannunta ya tsaya. "Wanne kike kai wa Inna?"

Maman Biyu ta nuna gilasan kifin tafki da yatsa. Auta ta zauna a bakin teburin. Ta ce ba za ta rantse kifin ne ya kumbura ƙafar Inna ba, mai hawan jini ƙodarsa kan gaji ko ba kifi, kuma tsoka ba ta tara guba kamar yadda ƙoda ke tarawa. Amma kullum, shekara biyu, ga tsohuwa. Ta ce yau ɗin nan za ta nemi izini su kai ta a ɗebi jininta da la'asar. Ita kuwa Maman Biyu tsoro ne ya cika ta, da wani abu mai ɗaci a ƙarƙashin tsoron wanda ba ta so ta kira sunansa tukuna.

A hanya ta yi ta nema wa mijinta mafita, don shekara ashirin na aure ba a zubar da su saboda kwalba shida. Wataƙila akwai wani lungu a tafkin da ruwan ya fi kyau. Wataƙila kifin asuba da gaske daban yake. Ta tarar da shi a gindin matatarsa yana yi wa wani mai saye bayanin hawa uku. Ta jira mutumin ya tafi, ta miƙa masa wayarta da hotunan da Auta ta ɗauka ta cikin madubin. Ba ta ambaci jan zare ba, na tafkin kawai ta nuna masa.

Ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa. "Atamfa ce za ki saya?"

"Ƙodar kifinmu ce. Ta ruɓe, Injiniya. Ruwan Mai Batir ne."

"To mu ɗauka haka ne." Ya miƙa mata wayar, ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar ilimi zai sauko. "Ƙodar nan, wa yake cin ta? Ba ke kike kankare ta ki zubar ba? Kin ga ke nan Allah ya riga ya shirya abinsa. Dattin ya taru a wuri ɗaya, ke kin cire, mai saye ya tafi da tsoka tsarkakakkiya. Hawa huɗu ke nan, har da yatsanki. Abin da za ki yi, ki ƙara kankarewa da kyau."

Ta tsaya tana kallonsa. Amsar ba ta ba ta mamaki ba, saurin fitowarta ne ya dame ta. Injiniya in aka kawo masa sabon abu sai ya yi tari, ya gyara hula, ya zagaya durom sau biyu kafin ya samo abin faɗa. Wannan kuwa a shirye ta fito, da alama ta daɗe a ajiye.

"Inna kullum shi take ci," ta ce.

"Kuma ga ta nan da ranta. Ki gaishe ta." Ya juya yana gyara ɗaurin gidan sauro. "Ki je ki ɗora wa Hajiya abinci, rana ta yi."

Ta shiga kicin. Ledar safe tana nan a cikin baho inda ta bar ta. Wannan karon ta dube ta da kyau, abin da ba ta taɓa yi ba a wata takwas, don wa zai tsaya binciken leda? An ƙulle bakinta ƙulli biyu da ɗan madauki, irin na mai sayarwa da ya saba ƙulla ɗari a rana. Injiniya kuwa ko igiyar wandonsa sai ta kwance sau biyu kafin azahar. Ta farke kifin, ƙodar ta biyo yatsa sau ɗaya, ja wur. Ta dafa shi yadda Hajiya ke so, da albasa da yawa, ta ɗora a kan shinkafa.

Hajiya tana zaune a kan darduma a falo, ta miƙe ƙafa, rediyo a gefe. Tsohuwa ce mai sauƙin kai, ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, kuma Maman Biyu tana ƙaunarta tsakani da Allah. Ta durƙusa ta ajiye mata faranti da ruwan wanke hannu. Injiniya ya shigo ya zauna a kujera kusa da uwarsa da nasa farantin, kamar kullum, yana ba ta labarin wani babban mutum da ya ce zai zo ganin matata. Hajiya ta yi bismillah, ta ɓare tsoka daga jikin ƙaya, ta ɗago hannu.

"Af, Injiniya, na manta ban gaya maka ba," in ji Maman Biyu daga bakin ƙofa, murya a kwance. "Na ledar yau Inna na ajiye wa. Wannan daga tafki na kamo muku da kaina. Amma na kankare da kyau, yadda ka ce."

Ba ta taɓa sanin mijinta yana da sauri haka ba. Mutumin da sai ya dafa gwiwa ya yi nishi kafin ya tashi daga kujera, sai ga shi a ƙasa, hannu ɗaya ya riƙe wuyan hannun uwarsa, ɗayan ya fizge farantin. Nasa ya kife a kan kafet. Loma ta faɗi daga yatsun Hajiya, romo ya bi hannun rigarsa har gwiwar hannu.

"Kai lafiya?" in ji Hajiya. "Me ya shiga abincin?"

Yana durƙushe da farantin a hannu, idonsa a kan matarsa, kuma ta ga lokacin da ya gane abin da hannunsa ya faɗa. Ya buɗe baki. Wannan karon babu amsa a ajiye, sai tari.

Ta yi zaton in ta tabbatar za ta yi ihu, ko ta yi kuka. Ba ko ɗaya. Baƙin ciki ne kawai ya sauko mata, mai nauyi, har ta dafa ƙofa. Wata takwas yana kallonta tana rufe kwano da azahar, wani lokacin har ya ce ta gaishe da Inna.

"Mayar mata da abincinta," ta ce. "Na ledarka ne. Hajiya, ki ci, ba abin da ya same shi."

"Maman Biyu, ki tsaya in yi miki bayani. Abin hawa-hawa ne..."

"Na ga hawan."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da katin asibitin Inna, wanda ke wurinta tun da ita ce mai rakiya. Ta bi ta filin baya. Mata biyu na tsaye a bakin tafki da robobinsu suna jiran a kamo musu, ɗaya da goyo. Suka ce Maman Biyu ina zuwa, ga mu tun ɗazu. Ta ce yau ba kifi, gobe ma babu, kuma in sun ga dama su zagaya bayan katanga su bi bututun nan da ido har inda ya fito. Ta ɗauki wuƙarta daga kan katako, ta ɗauraye, ta naɗe a tsumma ta sa a jaka, don tata ce, da ita ta zo gidan.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafafun a kan ƙaramar kujera, sun yi sumul suna sheƙi. Ta leƙa hannun 'yarta ta ga ba kwano.

"Yau ko ƙwan ma babu? Wai kifin surukin nawa bai girma ba har yanzu?"

"Bai girma ba, Inna. Tashi mu je, Auta na jiranmu a asibiti."

Ta durƙusa ta jawo takalmin, ta kama ƙafar da hannu biyu ta gwada. Ta danna babban yatsanta a kan idon sawun, ta ɗaga, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ajiye takalmin ta ɗauko silifas.